Kogin da Babana Yake Fito a Kansa Zai Ƙafe

Anti, barka da aiki. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, don in ban faro daga tushe ba za ki ɗauka wasan yara na kawo miki. Wasa ne kuwa, amma ya kai ni inda abinci ba ya wuce mini wuya.

Ni ma'aikaciya ce a wani shagon ɗab'i, ni ke tsara shafuka kafin a kai su inji. Ban da wannan, ni da wani abokin karatuna da muke ce wa Injiniya muna da sabar ta wani wasan kwamfuta. Sabar ɗin kamar babban fili ne a intanet. Mutane da yawa suna shiga duniyar wasan a lokaci guda, kowa daga gidansa, kowa ya ɗauki mutum ɗaya ya zama shi: wani maƙeri, wata 'yar kasuwa, wani ɓarawo, wani mai farautar dodanni. Ba a rubuta wa kowa abin da zai faɗa, amma duk abin da mutum ya yi dole ya dace da tarihin wannan duniyar. Tarihin kuma kamfanin da ya ƙirƙiro wasan ne ya rubuta shi da Turanci, a warwatse, wani ɓangaren ma yana ƙaryata wani. Aikina in tattaro shi, in daidaita shi, in mayar da shi yadda mutanenmu za su iya zama a cikinsa. Injiniya na kula da na'ura, ni ina kula da labari. Mai Tarihi suke ce mini.

Na canza abubuwa da dama. Gumakan da ake bauta wa a asalin wasan na mayar da su tsofaffin sarakuna da ake tunawa da su, don kowa ya yi wasa hankalinsa kwance. Gidajen giya suka koma rumfunan shayi. Akwai wata sarauniya da a wani wuri aka ce ta mutu kafin yaƙi, a wani wurin kuma ita ta ja yaƙin, sai na mayar da ita 'yan biyu. Amma tun farko mun yi alkawari da Injiniya, mun kuma rubuta shi inda duk mai shigowa zai gani: za mu canza wa labarin riga, ba za mu taɓa ƙashinsa ba. Abin da kamfani ya ce ya faru, ya faru. Saboda wannan alkawarin ne mutane suka baro wasu wuraren suka zo namu.

To, ga inda matsalar take. Babana tsohon direban babbar mota ne, mutum ne da in ya fara labari shayi sai ya huce a hannunka. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya daina aiki, harshe ya yi nauyi. Hankalinsa garau, kalmomin suna nan, fitowarsu ce da wahala. Masu zuwa dubiya sai su riƙa ƙarasa masa magana. Mama ma haka take yi, don ƙauna, ba ta iya ganin yana fama. Yayana kuwa a gabansa yake tattauna ciwonsa da likita kamar kujera ce a wurin. A hankali Baba ya daina magana, ya hana tsofaffin abokan aikinsa shigowa, ya juya fuska bango.

Wata Asabar da safe ina falo ina gyara taswirar wani kogi a kwamfuta, Baba yana kan kujerarsa kusa da taga. Ashe kallona yake yi. Ya nuna wani mutum da ke tsaye a cikin kwale-kwale, ya tambaye ni da ido. Na ce mai fito ne, na'ura ce ke tuƙa shi, don ba wanda yake so ya zama shi, ba ya yaƙi, ba ya samun ganima, ɗaukar mutane kawai yake daga wannan gaɓa zuwa waccan. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ba ni."

Anti, na ba shi ne don kada in ce a'a. Na nuna masa 'yan madannai kaɗan da hannun hagu zai iya kaiwa, na sa masa matashi a ƙarƙashin gwiwar hannu. Tsallake kogin yana ɗaukar lokaci, ba abin yi a cikin jirgi sai hira. Baba da yatsa ɗaya yake rubutu, kalma ɗaya sai an jira. Na ɗauka za a gaji da shi. Sai mutane suka ɗauka haka ya tsara halin mutumin nasa: tsoho mai auna magana. Suka riƙa jira. Ba wanda ya ƙarasa masa jimla, don ba wanda ya san abin da zai ce. Ya fara ba su labaran hanya, ya mayar da motarsa jirgi, 'yan fashi suka koma dodannin ruwa, yaron motarsa mai barcin tsiya ya koma wani kwaɗo da ke bin sa. Har ta kai mutane suna tsallake kogin ba tare da suna da abin yi a waccan gaɓar ba. Wasu suna cewa duk sabar ɗin ba wanda ya kai Mai Fito iya wasa.

Abu ɗaya ya roƙe ni, kada kowa ya san ko shi waye. Ya ɗauki lokaci kafin ya fahimtar da ni dalili: a can ne kawai ba a jin tausayinsa. Na yi masa alkawari. Ko Injiniya bai sani ba.

In gaya miki canjin da muka gani a gida sai in cika shafi. Yanzu da kansa yake neman a yi masa aski. Sai ya sa Mama ta ɗauko masa riga mai guga kafin ya zauna gaban kwamfuta, alhali ba mai ganinsa. Motsa jikin da aka ba shi a asibiti, wanda da sai an yi rigima, yanzu yana yi don yatsunsa su ƙara sauri. Watan da ya wuce kuma ya kunna makirfo da kansa, ya ce wa wasu fasinjoji, "A zauna sosai, ruwa ya cika." Guruf ɗinmu, inda 'yan wasa ke hira ta saƙonni, ya kacame, wai ashe Mai Fito yana da murya, wai ji yadda ya iya kwaikwayon tsoho. Ni kicin na shiga na rufe ƙofa.

Sai kamfani ya fitar da sabon babi. A cikinsa wani sarki matsafi ya fasa idon ruwan da kogin yake fitowa, kogin ya ƙafe a yini guda, mutanen kogi kuma, irin su Mai Fito, waɗanda ransu yake ɗaure da ruwan, suka zama tururi suka ɓace. An rubuta ƙarara cewa ba wanda ya tsira. Bayan haka sai yaƙi a cikin busasshen kwarin. Muka sa ƙuri'a kamar yadda muka saba, kusan kowa ya ce a shiga sabon babi. An tsayar da ƙarshen watan nan. Kuma ni ce zan rubuta yadda ranar za ta gudana. Da hannuna zan ƙafar da kogin babana.

Na yi duk dabarar da na sani. Na ce fassarar tana da wuya, aka ƙara mini lokaci, ya ƙare. Na ce a bar mai fito ɗaya ya tsira, Injiniya ya ƙi. Ya ce akwai wasu mutanen kogin, har da wata baiwar Allah da ta daɗe tana wasa a matsayin mai maganin gargajiya, ta gina gida da lambu a bakin ruwan, kuma ta haƙura. In aka ware ɗaya, da wane baki za a yi wa sauran bayani? Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo. Na ce to mu rabu da labarin kamfani a wannan karon kawai, ya tura mini hoton alkawarin da ni da kaina na rubuta.

Za ki ce Baba ya ɗauki wani mutumin. Sabon babin yaƙi ne, yana buƙatar hannu biyu da sauri. Ba wurin da za a zauna a jira tsoho ya gama jimla. Kuma ban san ko zai yarda ya sake koyo daga farko ba. Tsoron da nake ji shi ne ya sake juya fuska bango, wannan karon kuma ni ce sanadi.

Akwai abin da ya fi wannan muni, har kunyar rubuta shi nake ji. Da na matsa wa Injiniya, sai ya kira ni a waya ina wurin aiki, ya yi ta kwana-kwana, daga ƙarshe ya tambaye ni ko akwai wani abu tsakanina da Mai Fito. Ya ce ba laifi ba ne, amma bai kamata in lanƙwasa doka saboda saurayi ba. Na fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, maigidan shagonmu ya leƙo yana tambaya ko rasuwa aka yi. Yanzu maganar ta shiga guruf, ana ta zolaya, wasu har suna ce mini amaryar kogi. Duk safiya sai na bi ina goge irin waɗannan saƙonnin, don kada Baba ya gani. Gogewar kuma ƙara musu zargi take yi.

A gida ba wanda zan jingina da shi. Yayana ya ce dama wasan yara ne, a kashe abin kowa ya huta. Mama ba ta gane sabar ba, ba ta gane babi ba, abin da take maimaita mini kawai shi ne kada in bari ya koma yadda yake da. Na yi tunanin in gaya wa Injiniya gaskiya a ɓoye, na san zai tausaya, amma tausayin nan shi ne abin da Baba ya guje wa. Na yi tunanin in ajiye aikin, to wani zai rubuta ranar, kuma ba zai rubuta ta da taushi ba. Na yi tunanin in buɗe masa wata ƙaramar sabar shi kaɗai, amma kogi ba fasinja me zai yi da shi?

Ban gaya masa komai ba har yanzu. Ba ya shiga sashen sanarwa, jirginsa kawai ya sani. Jiya ma cewa ya yi in ƙara masa benci, wai kwanan nan fasinjoji sun yi yawa, wasu suna tsayuwa. Na ce to, na ƙara. A wurin aiki na fara kuskuren da ban taɓa yi ba, na tura shafi inji a juye. Anti, in karya alkawarin babana, ko in karya na mutanen da suka amince da ni, ko in yi shiru har ranar ta zo? Ban sa suna ba, kuma ba na jin 'yan wasanmu suna karanta wannan shafin.

'Yarki,
Mai Tarihi

AMSA

'Yata Mai Tarihi, ban taɓa yin irin wannan wasan ba, sai da na sa wata abokiyar aikina ta nuna mini yadda yake. Amma damuwarki na gane ta tun kafin nan, kuma ba ta yara ba ce. Allah ya yi miki albarka da abin da kika yi wa mahaifinki.

Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba. Kin lissafa mini hanyoyi, amma kin bar wadda ta fi kusa, wato ki zauna ki gaya wa Baba. Kin ji haushin masu ƙarasa masa magana, ke kuma kina shirin ƙarasa masa labari gaba ɗaya ba tare da kin tambaye shi ba. Harshensa ne ya yi nauyi, kin faɗa da bakinki hankalinsa garau. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan hanya ya sha ganin gada ta karye, ya sha ganin an rufe titin da ya saba bi. Yana iya jin zafi, kuma yana da haƙƙin ya ji zafin. Abin da ba zai yafe da sauƙi ba shi ne ya wayi gari ya tarar kowa ya sani sai shi.

Ina ma zargin ya riga ya sani. Me kike tsammani ya ƙara masa fasinjoji a daidai wannan lokacin? Bankwana suke zuwa yi. Mutanen da suke zama a jirginsa suna hira, a ce ba wanda ya ambaci ƙafewar kogin? Wataƙila ke kina ɓoye masa don kada ya damu, shi kuma yana ɓoye miki don ya ga kin rame. Ki same shi da safe lokacin da yake da ƙarfi, ku biyu kawai. Ki gaya masa babin, ki gaya masa ƙuri'ar, ki gaya masa zolayar ma, da bakinki, kafin ya ci karo da ita. Kada ki yi mamaki in wannan ɓangaren dariya ya ba shi. Sannan ki tambaye shi abin da yake so, ki ba shi duk lokacin da amsar za ta ɗauka.

Game da Injiniya, kada ki riƙe shi a zuci. Bai san abin da kika sani ba, ya ga kina kare mutum ɗaya ba dalili, sai ya nemo wa kansa dalili. A kan dokar kuma yana da gaskiya. Matar nan mai lambu ita ma ba ki san abin da wasan yake ɗauke mata ba. Don haka ki daina neman a ware Mai Fito. Ki nemi abin da zai amfani mutanen kogi duka. Kamfani ya ce sun ɓace, bai faɗi yadda kowannensu ya yi yininsa na ƙarshe ba, wannan gurbin naki ne. A ba kowa dama ya tsara tafiyarsa, a raba ranar yadda ba za a yi gaggawa ba. Na biyu, ki gaya wa Injiniya cewa duniyar da babu kowa a cikinta sai mayaƙa za ta kori duk mai son hira, ba mutum ɗaya ba. Ko a lokacin yaƙi ana buƙatar mai jan keken kaya, da mai tsaron rijiya, da mai rumfar da mayaƙa za su huta. Wannan gyara ne da ya shafi kowa, kuma bai taɓa alkawarinku ba. In Baba ya so ɗaya daga ciki, ga shi. In ya ce shi da jirginsa za su tafi tare, ki rubuta masa tafiyar da za a daɗe ana maganarta, ki bar shi ya huta kafin ki kawo masa wani tayin.

Sirrin nasa ne, shi zai ce a faɗa ko kada a faɗa. Ki nemi izininsa ki gaya wa Injiniya magana ɗaya, cewa Mai Fito dattijo ne ɗan'uwanki, ba sai an ambaci ciwo ba. Wannan ya isa ya kashe zolayar. Daga nan duk hukuncin da ya shafi Mai Fito ki bar wa Injiniya ya yanke, don kada a sake cewa kin yi son kai. Ki kuma daina bin saƙonni kina gogewa. Ki fito sau ɗaya ki ce ba kya son wannan wasan, a daina.

Abu na ƙarshe ya fi sauran nauyi a wurina. Lafiyar Baba ba za ta rataya a kan kwale-kwale ɗaya ba, kuma ba za ta rataya a wuyanki ke kaɗai ba. Wasan ya nuna muku maganin: a jira shi ya gama. Wannan ba ya buƙatar kwamfuta. Ki zaunar da Mama da yayanki ki nuna musu ɗaya daga cikin hirarrakinsa na jirgi, in ya yarda, su ga abin da yake fitowa in an yi haƙuri. Ki gaya wa masu duba shi a asibiti cewa ya fara magana a makirfo, za su san yadda za su ɗora a kai. In ya amince, a gayyato ɗaya daga cikin tsofaffin abokansa, a ja wa baƙon kunne tun daga ƙofa kada ya ƙarasa wa Baba magana. Ke kuma ki ci abinci, ki mai da hankali a kan aikinki, don shafin da aka buga a juye ba zai taimaki kowa ba.

Kin ce 'yan wasanku ba sa karanta wannan shafin. 'Yata, kowa haka yake ce mini, kuma kowa sai waɗanda suka gane shi sun kira shi a waya. Shi ya sa na aika miki da amsar nan tun kafin ta fito, kuma ba za ta fito ba sai kin ce mini Baba ya ji ya kuma yarda. In masu karatu suna ganinta yanzu, to an yi wannan zaman ke nan. Allah ya ƙara masa lafiya, ya sassauta masa harshe, ke kuma ya sanyaya miki zuciya. Ki gaida Mama, ki gaida mini Baba da kyau.